Naushin da Isuhu Bai Gani Ba

Na gode wa Allah da Ya bar mini ƙanena a raye, na kuma gode wa duk wanda ya tako ya zo gaishe mu. Amma ba godiya kaɗai ta zaunar da ni rubutu ba. Na rubuta ne saboda gidajen da ke da ɗan dambe irin namu, don kada su yi wautar da na yi. Sunana Lawan, ina fawa ina noma a wani ƙauye tsakanin Bici da Makoda. Ƙanena Isuhu shi ne ɗan damben. Tun ranar da ya fara shiga fili ni nake ɗaura masa zare a hannu, bai taɓa yarda wani ya ɗaura masa ba.

Dambe a gidanmu gado ne, kamar yadda fawa take gado. Marigayi babanmu ya yi. Ni ma na gwada, aka zubar mini da haƙora biyu a turmin farko, wato zagayen farko na wasan, na ce a kai kasuwa. Isuhu kuwa ba wani jiki gare shi ba, in ka gan shi a kasuwa sai ka ɗauka mai awon gero ne. Abin da Allah Ya ba shi ido ne. Ƙato zai kawo masa naushi da iya ƙarfinsa, sai ka ga naushin ya wuce ta inda kan Isuhu yake ɗazu, shi kuma har ya rama.

Wata rana muna fiɗar sa na tambaye shi yadda yake yi.

Ya ce, “Yaya, ni fa ba hannun mutum nake kallo ba. Babban yatsan ƙafarsa nake kallo. Kafin mutum ya kawo naushi sai ya danne ƙasa da shi.”

Na ce, “To, in ka gani sai ka yi tunanin ta inda za ka kauce?”

Ya kwashe da dariya. “Wane irin tunani? In na tsaya tunani ai an gama da ni. Da na shiga fili ko kalangu ba na ji, ihun mutane ba na ji, kai ma da kake ta kumfar baki a bayana ba na jin ka. Sai dai in ga jikina ya riga ya kauce, ni kuma in biyo shi.”

Na ɗauki maganar a matsayin cika bakin samari. Sai daga baya, a bencin asibiti, na gane gaskiya ya gaya mini.

Kakar bara, bayan an kai gero rumbu, muka je dambe wajen Makoda aka haɗa shi da wani bahago. Ga wanda bai san dambe ba, hannun da ake ɗaura wa zare shi ne mashi, wanda ake miƙawa gaba a buɗe kuma shi ne garkuwa. Mashin Isuhu dama ne, na bahago kuwa hagu. A turmi na biyu bahagon ya same shi a saman kunnen dama. Ina tsaye kusa, na ji ƙarar kamar an saki kabewa a daɓe. Isuhu ya yi taga-taga amma bai kai ƙasa ba, a turmi na uku ma shi ya yi kisa, wato ya kai bahagon ƙasa. Aka ɗaga shi sama ana ihu. A hanyar gida ya taɓa ni a kafaɗa ya ce in tsayar da babur, ya sauka ya yi amai a gefen wata gonar dawa. Har tsiya na yi masa, na ce wa ya aike shi shan fura kwano guda kafin wasa.

A makon farko ciwon kai ne kawai. Ya ce kamar an ɗaure masa kai da igiya ana ja. Na je kemis na karɓo masa ƙwayoyi, ya sha, ya ɗan lafa, ya dawo. Na koma aka ƙara masa wasu masu ƙarfi. Matarsa Rabi, tana da tsohon ciki a lokacin, ta tare ni a zaure ta ce, “Yaya Lawan, ko a kai shi asibiti? Ko ƙarar turmi ba ya so.” Na ce mata ta yi shiru da bakinta, kada ko maƙwabciya ta ji.

A nan ne fa wautar take. A wajenmu ciwon ɗan dambe ba a faɗa. In aka ji an yi maka dukan da ya kwantar da kai, ko kai ka ci wasan, za a ce an biyo ka har gida an kashe ka. Makaɗan ɗaya ɓangaren su sa ka a waƙa, waɗanda da suke tsoronka su fara neman ka. Haka muka tarar, haka babanmu ya yi da haƙarƙarinsa a karye har wata guda ba wanda ya sani. Ni kuma na riƙe wannan abu kamar farilla.

A mako na biyu Rabi ta aiko a kira ni, ta miƙo mini kwanon tuwon da ya ci. Ya cinye ɓarin dama tas, har ya suɗe, ɓarin hagu kuwa ko yatsa bai sa ba, kamar an raba da wuƙa. Ta ce, “Kuma wai bai ƙoshi ba, in ƙaro masa. Da na juya kwanon sai ya ce au, ashe da saura.” Na tsaya ina kallon kwanon. Daga ranar na fara sa masa ido. In zai shiga ɗaki sai kafaɗarsa ta hagu ta bugi ƙofa. A mahauta yana riƙe da nama da hagu, wuƙa ta yanke shi a yatsa, jini na zuba a kan teburi, sai da wani mai saye ya nuna masa.

Kawu Tanko, ƙanin babanmu, ya zo ya dube shi ya girgiza kai. Ya ce, “Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Kai Lawan ba ka da ido ne? Duk abin a hagu yake, wanda ya doke shi kuma bahago ne. Garkuwarsa aka karya masa da asiri.” Wallahi maganar ta shige ni, don ta zauna daidai da abin da nake gani. Aka shiga hayaƙi da wanka da saiwoyi, har ɗakin Rabi ya koma warin ƙona. Sai dai in faɗi gaskiya, malamin da muka je wa neman rubutu bai rufe mu ba. Ya ba mu rubutun, ya yi addu’a, sannan ya ce, “Ku haɗa da asibiti, Lawan. Addu’a ba ta hana neman magani.” Na ce to, Malam. Ban je ba, don a asibitin da ke kusa da mu ba ka rasa idon sani.

Ƙarshen makon aka sa dambe a Kunci. Kawu ya ce mu je a gan mu, ko ba a yi wasa ba, don kada a ce Isuhu ya ɓuya. Muka je da niyyar kallo. To, kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da in aka buga shi ya san da shi ake. Audu makaɗi, wanda ya yi wa babanmu kiɗa kafin ya yi wa Isuhu, yana hango mu ya juya kalangu ya saki taken. Bawan Allah bai san komai ba, aikinsa yake yi. Na ga jikin Isuhu ya fara tsuma tun daga gwiwa. Ya miƙe, ya miƙo mini hannun dama.

Na ce, “Ba haka muka yi da kai ba.”

Ya ce, “Yaya, ana kallonmu.”

Na duba, da gaske ana kallonmu. Na zaro zare na ɗaura masa. Da hannuna na ɗaura, na ja kowane ƙulli na tamke, ba wanda ya tilasta ni.

Wanda aka fito masa da shi wani sabon shiga ne, irin waɗanda Isuhu kan yi wasa da su ya ƙyale. Tun tsayuwa na ga garkuwar Isuhu tana sauka ƙasa-ƙasa, shi kuma bai sani ba. Sabon shigan ya ɗebo wani naushi daga nesa, naushin da ko ni mai haƙoran roba da na kauce masa. Ya taho ta hagun Isuhu a hankali, kowa a filin ya gan shi. Isuhu ko ƙiftawa bai yi ba. Ya faɗi a kan gefensa, fili ya kaure.

Na janyo shi gefe ina zuba masa ruwa. Ya buɗe ido ya ce, “Yaya, da me ya doke ni?”

Na ce, “Da hannu mana.”

Ya ce, “Ban ga ya motsa ba. Wallahi ban gan shi ba.”

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Mutumin da yake ganin motsin yatsan ƙafa, yau an kawo masa hannu sukutum bai gani ba.

Mako na uku ya zama na barci. Hantsi ya yi yana barci, azahar ta yi yana barci, in an tashe shi ya yi magana biyu kamar mai nauyin harshe ya koma. Ƙafar hagu ya fara jan ta. Rannan da la’asar Inna, mahaifiyarmu, tana ba shi kunu sai jikinsa ya sandare, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa, ido ya juye. Da abin ya sake shi sai muka ga ya jiƙa tabarma. Inna ta juyo ta dube ni, ban taɓa ganin idonta haka ba. Ta ce, “Lawan, in kunyar ’yan kallo kake ji, ni ban haifa musu ba. Je ka nemo mota.” Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, “Tanko, na ba ku mako uku.”

A asibitin da ke kusa da mu sai da muka yi layin kati, muka yi layin awo, aka fara maganar zazzaɓin sauro. Allah Ya haɗa mu da wata ma’aikaciyar jinya, dattijuwa, ta haska idanunsa da ’yar fitila, ta sake haskawa. Ta ce, “An buge shi a ka?” Kun san ko a nan sai da na yi ƙarya? Na ce daga babur ya faɗo. Ta dubi tabon zare a hannunsa, ta dube ni. Ta ce, “Malam, ni ba makaɗiya ba ce, ba inda zan kai labari. Sau nawa aka buge shi?” Na sunkuyar da kai na ce sau biyu. Nan take ta sa aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni, ta ce kada mu biya ta gida.

Birni kuwa sai wanda ya je. Ka tsaya a wannan taga a ce ba nan ba ce, ka koma waccan a ce mai hatimi ya fita. Isuhu na kwance a kan gadon tura marasa lafiya a baranda, Inna na kore masa ƙuda da gefen mayafi. Aka ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka kuma ce na’urar ta lalace, sai mu je wani wuri a waje. Haka na rungume shi a cikin a-daidaita-sahu, kansa a cinyata, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a ƙirjina. Ba zan kawo lissafin abin da ya tafi ba. Na dai aika aka sayar da sanmu na huɗa da gyaɗar da muka aje ta iri, aka ce wa masu tambaya canjin sa zan yi.

Likitar da ta karɓi hoton mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga shi a haske ta nuna mini wani abu mai kama da jinjirin wata a ɓarin dama. Ta ce, “Wannan jini ne. Ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa yana danne ta. Tun naushin farko yake tsattsafowa, na biyu ya ƙara buɗe shi.”

Na ce, “Likita, to ai a hagu ciwon yake.”

Ta ce, “Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da hagun mutum. Idonsa lafiya lau yake. Ido ya ga naushin, ƙwaƙwalwar ce ba ta kula da shi ba.”

Wannan magana har yau tana kaina. Asirin da muka yi ta ƙona wa hayaƙi ke nan, ga shi a takarda. Ta tambayi irin ƙwayoyin da ya sha, na zaro ragowar daga aljihu. Ta ware wasu ta ce irin waɗannan suna hana jini daskarewa. Sannan ta ce, “Wa ya bar shi ya sake shiga fili?” Na ce ni ne. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai dube ni ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce za a huda ƙoƙon kan a wuri biyu a zuƙe jinin, in ba haka ba barcin da yake yi zai zarce. Kawu ya bugo waya yana ta faɗa, wai ba a taɓa buɗe kan mutum ya dawo daidai ba. Inna ta karɓi wayar ta kashe, ta ce in sa hannu. Na karɓi biro na sa hannu. Aka ɗebi jinina aka aje masa. Da hantsi suka shiga da shi.

Mutane suna ganin mahauci ba ya tsoron jini. To, sanin da na yi shi ya ƙara mini tsoro. Kullum ina fasa kan sa, na san yadda ƙwaƙwalwa take, taushinta bai wuce na kindirmo ba, yatsa ma ya isa ya lalata ta. Ina zaune a benci ina ta ganin abin a idona. Na tashi, na zauna, na je na yi alwala ba lokacin salla ba. Inna kuwa carbi take ja. Sai bayan azahar aka turo shi, kai naɗe da bandeji, wata ’yar roba na fitar da baƙin jini. Likita ta ce an dace, sauran kuma sai ya farka mu gani.

Washegari ya buɗe ido ya ce ruwa. Inna ta fashe da kuka, ni kuma na zagaya ta hagunsa na kama yatsunsa na ce ya matse. Ya matse kaɗan, kamar jariri. Kwana uku bayan haka, da bakinsa ya saki, ya sa hannu ya taɓa bandejin ya tambaye ni me aka yi masa. Na gaya masa. Ya ce, “Yaya, kada kowa ya ji an huda mini kai. Ka yi mini alkawari.” Yana kwance, ido ya faɗa, ban iya musa masa ba. Na yi masa alkawari. A gida aka ce taifot ce ta kwantar da shi.

Mun ƙara kusan wata guda a asibitin, ni ina kwana a baranda da sauran ’yan jinya. Akwai ma’aikatan da in ka gaishe su kamar ka roƙe su, akwai kuma waɗanda ba zan daina yi musu addu’a ba. Cikinsu har da mai gashin ƙashi, wani mutum mai barkwanci da yake zuwa da ƙwallon roba. Ranar farko ya jefa wa Isuhu ta dama, ya cafe. Ya jefa ta hagu, ƙwallon ta wuce ta bugi bango, Isuhu na nan yana jiran a jefo. Na fita waje don kada ya ga fuskata.

Tafiya ma sai da aka koya masa. Abin mamaki, in ya zuba wa ƙafarsa ido yana lura da ita sai ya harɗe. In aka ɗauke masa hankali da hira sai ya yi taku biyar lafiya. Ya ce da ni, “Yaya, da jikina ke riga ni. Yanzu sai na ce wa hannu tashi, ya yi shawara, sannan ya tashi.” Mai gashin ƙashi ya ce haka abin yake. Ya ce duk abin da mutum ya shekara yana yi, ƙwaƙwalwa kan yi masa hanya kamar hanyar gona, ƙafa ta bi ba sai an duba ba. Jinin ya toshe wasu hanyoyin, amma da yawan bi za su buɗe.

Wata rana ya tambaye ni ko akwai wani abu da Isuhu ya saba motsawa in ya ji. Ba tare da na yi tunani ba na ƙwanƙwasa takensa da yatsu a ƙarfen gado. Kafin in kai ƙarshe kafaɗunsa sun motsa, hannun hagun nan da muke lallashi ya tashi da kansa ya miƙe gaba, tafi a buɗe, garkuwa sosai. Mai gashin ƙashi ya yi tafi yana murna. Ni kuwa ban yi murna ba, don na ga abin da kiɗan nan zai iya yi ko da mai jikin bai shirya ba.

Ranar sallama likita ta zaunar da mu biyu. Ta ce, “Zai yi noma, zai yi fawa, in Allah Ya so. Dambe kuwa ya ƙare. Kan da aka taɓa yi wa wannan aiki, naushi ɗaya ya ishe shi, kuma ba lallai ku iso nan ba.” Na ce mun ji. Isuhu taga yake kallo.

Muka dawo gida. Rabi ta haihu, mace. Damina ta sauka, muka yi aron sa muka yi huɗa, Isuhu ya riƙe garma da hannu biyu. Jiki ya dawo, har ya fi da cika. Hula kuwa ba ta barin kansa, a gona da ita, a mahauta da ita. Rabi ta tsegunta mini cewa in ba kowa yakan shiga bayan gida ya yi ta jifan bango da goruba yana cafewa. Ni ma na gwada shi, muna zaune na jefa masa lemo ta hagu ba zato. Ya cafe, ya yi mini murmushi. Amma na ga ɗan jinkirin, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Wani ba zai lura ba, ni da na shekara goma ina tsaye a bayansa na lura.

Da kaka ta zagayo aka sa dambe a garinmu, a filin bayan kasuwa. Na ce kada mu je, ya ce a ƙofar gidanmu za a yi wasa a ce ba mu? Muka je muka zauna a baya. Ana cikin wasa Audu makaɗi ya hango shi. Shi dai abin da ya sani Isuhu ya yi taifot ya warke. Ya saki taken, yana kiran sunan babanmu, mutane suka ɗauki ihu. Na ji bencin da muke kai yana rawa. Isuhu ya miƙe, ya sa hannu a aljihu ya zaro zare. Ashe da shi ya fito daga gida.

Ya ce, “Ɗaura, Yaya.”

Na ce, “Ba zan ɗaura ba.”

Ya ce, “Na warke. Kai ma ka jefa mini lemo ka gani.”

Na ce, “Na gani, shi ya sa.”

Ya ce, “To, akwai masu ɗaurawa.”

Kuma da gaske akwai, don har wani abokinsa ya matso yana miƙo hannu. A ɗaya ɓangaren wani ƙato ya fito yana buga ƙafa. Na dubi ƙaton, na dubi hagun ƙanena, na tuna alkawarin da na yi masa a gadon asibiti. Sai na sa hannu na fizge hular daga kansa a gaban duk garin.

Ga su nan, wurare biyu a loɓe a saman kunnen dama, gashi bai rufe su ba. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, “Jama’a, ba taifot ya yi ba! Kansa aka huda aka kwashe jini! Likita ta ce naushi ɗaya zai kashe shi, kisan kabari nake nufi! Wanda yake so ya ɗauki alhakin, ga shi nan!”

Kalangu ya tsaya cak. Audu ya ratso mutane ya zo ya leƙa kan. Ya ce, “Haba Lawan! Kuka bar ni ina kiransa? Ashe a Kunci ma ni na tashe shi?” Ya sauke kalangun daga kafaɗa ya ce shi da wannan take har abada. Ƙaton nan ya juya ya koma cikin mutanensa. Isuhu ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya dube ni sau ɗaya, ya saki zaren a ƙasa, ya bi ta cikin mutane ya fita.

Tuɓe wa magidanci hula a bainar jama’a ba ƙaramin abu ba ne, na sani, ga kuma alkawarin da na karya. Kawu ya ce na zubar da mutuncin gida. Inna kuwa ta aiko mini da fura da yamma. Isuhu kuwa yau wata biyu ke nan ba ya yi mini magana in ban da amsa sallama. Muna aiki a teburi ɗaya, in yana son wuƙa sai ya nuna da hannu.

Ku da ke da ɗan dambe, ko mai kokawa, ko mai ƙwallo: in an buge shi a ka ya yi amai, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ko ya fara barcin da ba nasa ba, ku kai shi asibiti a ranar, ku kuma faɗi gaskiyar abin da ya same shi. Kada ku ɗura masa ƙwayoyi irin yadda na yi. Kada ku bari ya sake shiga fili don ana kallo.

Zaren yana wurina, na ɗauke shi daga ƙasa a ranar. Amma zare ba wuyar samu yake ba, kuma akwai garuruwa masu nisa inda ba wanda ya ga kan Isuhu ba hula. Shi ya sa duk la’asar ɗin da iska ta kawo amon kalangu daga wani gari, ko me nake yi sai na aje. In zagaya ta ƙofar gidansa kamar mai wucewa, in leƙa zaure. In na ga babur ɗinsa a jingine da takalmansa a bakin ƙofa, sai in koma in ci gaba da aikina.